Labarin da Ke Tsayawa a Ranar Kame: Kafafen Watsa Labarai da Yardar Jama'a ga 'Yan Sanda

 

An nemi in yi magana a kan yadda labaran da muke ji a rediyo, muke karantawa a jarida, muke kallo a waya suke ƙara wa jama'a yarda da 'yan sanda ko su rage musu ita. Zan tsaya a nan gida Najeriya, kuma magana ɗaya na zo da ita. Yawancin labaran 'yan sanda da ake ba mu, ranar da aka kama mutum suke farawa, a ranar kuma suke ƙarewa. Abin da ya biyo baya, wato bincike da beli da kotu da hukunci, ba kasafai yake isowa kunnen mai sauraro ba. A ganina wannan giɓi ya yi wa rundunar 'yan sanda ɓarnar da ta fi ta duk wani sharhin suka da aka taɓa yi a kanta, kuma ya taɓa mutuncin aikin jarida shi ma.

Kafin in shiga ciki, a yi wa 'yan jarida adalci: ba su suka haifi tsoron ɗan sanda ba. Tsoron ya girmi gidan rediyo. Tun 1861 Turawa suka kafa 'yar ƙaramar runduna a Legas don tsaron ofishinsu, kuma cikin waɗanda aka fara ɗauka aikin ɗamara a can akwai Hausawa da yawa, aka tura su su tsare mutanen da ba su jin harshensu. A 1930 aka haɗe rundunar Arewa da ta Kudu ta zama guda. A nan Arewa kuwa talaka ya fi sanin ɗan doka na En'e, wanda ke rakiyar masu karɓar haraji da jangali, wanda kuma 'yan jam'iyyar NEPU suka sha kuka da shi a shekarun 1950. Sai bayan juyin mulkin 1966 aka soma narkar da 'yan doka cikin rundunar tarayya. An gina aikin ne don tsare mai mulki, kuma kakanninmu sun san haka ba tare da wani ya karanta musu jarida ba.

Yau ma abin da mutum ya gani da idonsa ya fi abin da ya ji ƙarfi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, wanda aka fitar a 2017, ya nuna kusan rabin mutanen da wata hulɗa ta haɗa su da ɗan sanda sun ba da cin hanci ko an nemi su bayar. A zagaye na biyu, a 2019, adadin ya sauko zuwa kimanin kashi ɗaya cikin uku. Direban da aka tsayar a shingen bincike aka ce ya kawo na goro, da uwar da aka karɓi kuɗin beli a hannunta alhali ga takarda manne a bangon caji ofis tana cewa beli kyauta ne, babu shirin rediyon da zai goge musu abin da ya same su. Wani masani ɗan Amurka, Tom Tyler, ya nuna tun 1990 cewa abin da ya fi sa mutane bin doka da yarda da hukuma shi ne su ga an yi musu adalci wajen mu'amala: an saurare su, an mutunta su, an bi ƙa'ida. Tsoron hukunci yana baya.

To ina rawar kafafen watsa labarai? Talaka yana ganin shinge da kansa, amma ba ya ganin ɗakin bincike, ba ya ganin fayil, ba ya zuwa kotu sai in ta same shi. Duk wannan sashe na aikin ɗan sanda, a bakin ɗan jarida yake jin sa. Saboda haka ya kamata mu duba yadda ake haɗa wannan labari.

Kowa a ɗakin nan ya san hoton. An kira 'yan jarida hedikwatar rundunar jiha. An shimfiɗa bindigogi ƙirar gida da adduna da wayoyi da ƙullin tabar wiwi a ƙasa. Ga samari zaune a bayansu, wasu ba riga, an ɗaure su biyu biyu. Kwamishina ko kakakin runduna ya karanta jawabi: an kama mutum kaza bisa fashi, kaza bisa garkuwa da mutane, kaza bisa daba da ƙwacen waya. Sai a miƙa wa ɗaya daga cikin samarin makirufo, ya sunkuyar da kai ya ce shi ya aikata, sharrin Shaiɗan ne. Da yamma an sa a rediyo, mai sauraro ya ce Allah ya ƙara tona asirinsu. Shi ke nan, labari ya ƙare.

Ban ɗora wa wakilin da ya kawo rahoton laifi duka ba. Sau da yawa ba shi da abin hawa, albashinsa bai taka kara ya karya ba, wani ma sai ya yi watanni bai gan shi ba, edita kuma yana jiran rahoto uku ko huɗu kafin labaran yamma. Holen waɗanda ake zargi yana ba shi komai a wuri ɗaya: murya da hoto da adadi, wani lokaci har da kuɗin mota. Zuwa kotun majistare kuwa sai ya wuni a benci, a ƙarshe a ɗage zaman. Amma duk da wannan uzuri, abin da aka watsa labari ne mai tushe ɗaya, kuma tushen nan shi ne wanda ya yi kamen. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar da laifinsa a gaban kotu. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tanadi a ɗauki bayanin wanda ake zargi a gaban lauyansa ko wani da ya zaɓa. Yaron da ya amsa laifi a gaban kyamara, babu wanda ya tambaye shi abin da ya faru da shi a daren jiya. Kuma ko kotu ta wanke shi bayan shekara biyu, unguwarsu ta riga ta yanke masa hukunci, ba mai ba shi aure, ba mai ɗaukarsa aiki. Jihar Legas ta haramta wannan holi a dokarta a 2021, kuma a farkon 2025 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da hana shi a faɗin ƙasa. Wannan ci gaba ne, sai dai har yanzu fuskokin waɗanda ake zargi suna yawo a Facebook.

Wani zai ce ai irin wannan labari yana ƙara wa 'yan sanda farin jini, mene ne aibinsa a wajensu? Aibinsa shi ne bashi ake ci da yardar jama'a, kuma ranar biya tana zuwa.

A watan Yunin 2005 aka kashe matasa shida a Abuja, maza biyar 'yan kasuwar kayan gyaran mota na Apo da mace ɗaya, suna dawowa gida da dare. Bayanin farko da ya fito daga 'yan sanda shi ne 'yan fashi ne, an yi musayar wuta da su. Da maganar ta tsaya a nan, da sun shiga cikin jerin da muke ji kullum. Abokan kasuwancinsu suka ƙi yarda, suka yi bore, wasu jaridu suka bi diddigi, har Shugaba Olusegun Obasanjo ya kafa kwamitin binciken shari'a ƙarƙashin Mai Shari'a Olasumbo Goodluck. Aka tono gawarwakin, aka saurari shaidu a bainar jama'a, ta bayyana cewa ba 'yan fashi ba ne. Sai a watan Maris na 2017, bayan kusan shekara goma sha biyu, kotu ta yanke wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa, ta sallami sauran. Duk wanda ya bi wannan shari'a, daga ranar in ya ji an ce an harbe 'yan fashi a musayar wuta sai zuciyarsa ta yi ɗar, ko da kuwa a wannan karo gaskiya aka faɗa. Ɗan sandan kirki da ya sa ransa a gaba ya yi artabu da 'yan fashi na gaske, shi ke biyan wannan bashi.

Mu dawo kusa da gida. A ƙarshen watan Yulin 2009 sojoji suka kama shugaban Boko Haram Muhammad Yusuf a Maiduguri suka miƙa shi ga 'yan sanda da ransa. Cikin sa'o'i aka ce ya mutu, aka ce ya yi yunƙurin tserewa ne. A watan Fabrairun 2010 tashar Aljazeera ta nuna bidiyon jami'ai suna kwantar da mutane marasa makami a ƙasa suna harbewa a Maiduguri. Babu abin da zai halatta ta'asar da Boko Haram ta yi daga baya, kuma 'yan sanda suna cikin waɗanda suka fi shan wuyarta: an kai hari hedikwatarsu a Abuja a watan Yunin 2011, kuma mutanen Kano ba za su manta da Juma'ar 20 ga Janairun 2012 ba, ranar da aka far wa ofisoshin 'yan sanda aka kashe mutum fiye da 150. Abin da nake so mu lura da shi shi ne, a daidai lokacin da runduna ta fi bukatar mutumin unguwa ya zo ya raɗa mata cewa ga baƙin fuska sun kama haya a gida kaza, a lokacin ne mutumin ya riga ya ga bayanin hukuma da bidiyo sun saɓa. Wanda bai yarda da kai ba, ba zai kawo maka sirri ba, domin yana tsoron kada ya je ba da rahoto a mayar da shi wanda ake zargi.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, wato yabon da ba a tantance ba. Shekaru da dama jaridu da shafukan intanet suna kambama Abba Kyari, wanda a lokacin shi ne shugaban sashen leƙen asiri na musamman na Sufeto Janar, a matsayin gwarzon 'yan sanda, har Majalisar Wakilai ta karrama shi a 2020. A watan Yulin 2021 hukumomin Amurka suka ambaci sunansa a shari'ar ɗan damfarar nan Hushpuppi, aka dakatar da shi, sannan a Fabrairun 2022 hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ta tsare shi bisa zargin hannu a harkar hodar iblis. Ya musanta, maganar kuma ta kotu ce, ba tawa ba. Tambayata ga 'yan jarida ce. A duk shekarun da ake nuna mana waɗanda sashensa ya kama, wace jarida ce ta zauna ta ƙidaya nawa daga cikinsu aka gurfanar, nawa aka samu da laifi? An ɗora martabar runduna gaba ɗaya a kan mutum guda, ranar da zargi ya faɗa masa sai mutane suka ce in wannan ma haka ne, to saura wa?

Zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020 ta nuna mana cewa ƙasa ɗaya tana iya kallon ɗan sanda ɗaya ta ga abu biyu. Tun 2016 ƙungiyar Amnesty take fitar da rahoto kan azabtarwa a ofisoshin SARS, sashen 'yan sanda na yaƙi da fashi, kuma a watan Yunin 2020 ta lissafa aukuwa 82 tsakanin Janairun 2017 da Mayun 2020. Amma abin da ya fito da matasa kan titi bidiyon waya ne daga Ughelli a jihar Delta. A ranar 11 ga Oktoba Sufeto Janar Mohammed Adamu ya rushe sashen. A Kudu matashi yana ganin SARS a matsayin masu tare shi su bincike wayarsa su tatse shi. A Arewa kuwa, inda labaran safe suke cike da 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da hanyar Birnin Gwari, mutane da yawa suna tambaya wa zai tsare su in an rushe, har gwamnonin Arewa suka fito suka ce ba su goyon bayan rushewar. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, amma kafafen da yake saurare ba su kawo masa ta ɗan uwansa ba. Rashin jin kuka daga Arewa ba don babu azabtarwa a caji ofis ɗinta ba ne. Wanda aka yi wa a nan sau da yawa ba shi da Twitter, ba shi da lauya, sai dai ya bar wa Allah.

Yadda hukuma ta ɗauki abin shi ma darasi ne. Hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci tarar Channels da AIT da Arise naira miliyan uku kowannensu kan yadda suka ba da labarin. Gaskiya ne an yaɗa hotunan ƙarya a lokacin, kuma gaskiya ne 'yan sanda sun yi asara: Sufeto Janar ya ce an kashe jami'ai 22, an lalata ofisoshi 205. Waɗannan mutane ne masu iyali, kuma labarinsu bai samu kulawar da ta dace ba. Amma tara ba ta mayar da bidiyo cikin waya. Haka aka sake gani a ranar 1 ga Nuwamban 2024, da aka gurfanar da yara ƙanana a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, yawancinsu daga Kano da Kaduna, bayan sun yi kusan wata uku a tsare kan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta. Wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban kyamara. Rundunar ta ce shiri ne, amma iyaye sun ga haƙarƙarin yaran da idonsu, kuma cikin kwanaki kaɗan Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin a sake su. Inda a ce tun watan Agusta akwai wakilan da suke bin sawun waɗanda aka kwashe, suna tambayar ina aka kai su, shekarunsu nawa, wace kotu ta ba da izinin tsare su, da wuya abin ya kai ga wannan rana, kuma da an kare runduna daga wannan abin kunya.

Don kada a ce ban ga alheri ba, ga misalin da ya tafi daidai. A watan Disamban 2021 aka sace wata yarinya 'yar shekara biyar a Kano. A Janairun 2022 jami'an tsaro suka kama mai makarantar da take zuwa, aka gano ya kashe ta. Wannan karon gidajen rediyon Kano da sassan Hausa na tashoshin ƙetare ba su tsaya a ranar kame ba. Sun bi shari'ar zama bayan zama, mutane suka ji shaidu, suka ji abin da jami'an bincike suka gabatar, suka ji ta bakin lauyoyin kariya, har zuwa watan Yulin 2022 da Babbar Kotun Jiha ta yanke hukuncin kisa. A wannan shari'a jama'a sun ga aikin ɗan sanda tun daga tushe har inda ya kai, kuma abin da suka yarda da shi hujja ce da aka gwada a gaban alƙali. Abin da ke damuna shi ne sai da lamarin ya girgiza ƙasa kafin a yi masa haka. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke yi, kuma da yawansu mun taɓa jin labarin kama su, ba mu sake jin ɗuriyarsu ba.

Ranka ya daɗe shugaban taro, bari in juya ga jami'an da ke tare da mu. Na san irin halin da kurtu da kofur da saje suke ciki. Na san barikokin da rufinsu ke yoyo, da ofishin da ba shi da man mota sai mai ƙara ya saya, da tsofaffin jami'an da suka sha fitowa titi suna kuka kan fansho. Wannan ma labari ne da ya kamata a riƙa bayarwa, domin mai sauraro ya fahimci inda matsalar ta samo asali. Amma roƙona gare ku shi ne ku sauya abin da kuke alfahari da shi. In kakakin runduna zai ce an kama mutum ɗari biyu a wata, ya ƙara da cewa cikin waɗanda aka kama wata shida da suka wuce, kaza an gurfanar, kaza an same su da laifi, kaza an sallame su domin babu hujja. In jami'i ya ci zarafin wani aka hukunta shi, a faɗi hukuncin a fili. Tun 2015, zamanin Sufeto Janar Solomon Arase, aka buɗe sashen karɓar koke kan 'yan sanda, amma mutum nawa ne a ƙauyukanmu suka san da shi? Sannan a daina amfani da sashe na 24 na dokar laifukan intanet wajen tsare ɗan jaridar da ya yi rahoton da bai yi daɗi ba. In ya yi ƙarya, a fito da hujja a ƙaryata shi, kotu kuma tana nan.

Ku kuma 'yan uwa masu riƙe da makirufo da alƙalami, nauyin ya fi yawa a wuyanku, musamman masu aiki da Hausa, domin a Arewa abin da rediyo ya faɗa shi ake maimaitawa a majalisa da kasuwa da tasha. Tun da aka buɗe Freedom Radio a Kano a 2003, tashoshi masu zaman kansu suka yawaita, kuma shirye-shirye irin su Inda Ranka sun nuna cewa talaka zai kawo kukansa in ya samu mai saurare. Dokokin da za su taimake shi suna nan a rubuce, ba a dai karanta masa su da harshensa ba. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya, ko biyu in kotun tana da nisa. Dokar 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 sun hana a kama uba ko mata ko ƙane a madadin wanda ake nema. Wata doka ta 2017 kuma ta mayar da azabtarwa laifi. Sashe na 34 na dokar 2015 ya ɗora wa babban majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda duk wata ya duba waɗanda ke tsare. Wakili zai iya zuwa ya tambayi majistare yaushe ya yi ziyararsa ta ƙarshe, kuma me ya tarar.

Abin da nake nema daga kowane ɗakin labarai bai fi ƙarfin kowa ba. A ajiye littafi guda. Duk ranar da aka sanar da kame, a rubuta sunan ofishin da ya yi shi, da laifin da ake zargi, da kotun da aka ce za a kai su. Bayan wata uku edita ya tura wakili ya koma wajen kakakin runduna da magatakardan kotu ya tambaya ina aka kwana. In an gurfanar an samu hukunci, a ba jami'in da ya yi binciken haƙƙinsa na yabo. In an sallami mutum, a faɗa a shirin da aka sanar da kama shi, a lokacin da aka sanar, yadda unguwarsu za ta ji. In kuma ba a san inda yake ba, wannan shi ne babban labarin wannan rana.